Tukunyar Kawu Ɗanjuma

Duk wanda ya yi aiki a kamfanin tallan Kawu Ɗanjuma ya san tukunyar nan ta ƙasa da ke kan teburinsa, wadda aka ɗauko daga ƙauyensu a Bwari. Biyar na yamma na bugawa zai jefa wayarsa ciki, ya kife murfi, ya ce, "Oga ya tashi." Ni 'yar ƙanwarsa ce kuma mataimakiyarsa, shekara tara ina jin haushin tukunyar nan.

Akwai wani mai gareji a Apo da ya faɗo mana biyar saura kaɗan, yana so a haɗa masa tallan rediyo kafin gari ya waye.

"Oga, yau-yau nake so, abin urgent ne."

Kawu ya kalle shi sama da ƙasa. "Ba kai ne motata ta yi wata uku a wurinka ba, kullum sai gobe?"

"Ai kayan gyara ne ba su iso ba."

"To mu ma basirar ba ta iso ba. Ka dawo Litinin." Ya kife murfi.

Ranar Juma'a kuwa ko ƙeyarsa ba a gani, yana gonar doya. Na ce masa masu kamfani irinsa ko barci ba sa yi. Ya ce ya sani, ai yana zuwa duba su a asibiti.

Da ya yanke shawarar sayar da kamfanin, masu saye daga Legas suka sa ranar zuwa, sai ta faɗo Juma'a. Sun ce in tsarinmu bai gamsar da su ba, sunan kawai za su ɗauka, su sallami ma'aikata. Na roƙe shi har da ƙwalla ya zo ofis ranar. Ya ce, "Doya ba ta san Legas ba, Hannatu."

Suka iso, babu Kawu. Na fita na kira shi, sai na ji tukunya na ruri a ofis. Tun jiya bai ciro wayar ba. Haka na shige gabansu, ni da sauran ma'aikata, muka amsa duk abin da suka tambaya. Shugabarsu ta ce, "Wato ko ba ya nan aiki na tafiya? Abin da muka zo gani ke nan."

Litinin ya shigo da doya cike da but ɗin motarsa, ni ko gaishe shi ban yi ba. Ya ce, "Da na zauna, ni za su yi sha'awa, ni kuwa ba na sayarwa ba ne." Sharaɗi biyu ya sa a takardar ciniki: kada a kori kowa, kada a kira ma'aikaci bayan biyar.

Sai bayan ya rasu, a zaman makoki, matarsa ta faɗa mini asalin tukunyar. A farkon kamfanin ya taɓa yanke jiki ya faɗi a kan tebur, waya a kunne, ya yi sati biyu a gadon asibiti. Ita ta miƙa masa tukunyar ranar da aka sallame shi.

Yanzu ni ke kan kujerarsa, kuma ina kewarsa ƙwarai. Biyar na yi nake kife murfi. Allah ya jiƙanka Kawu, ya ba ka hutun da babu mai kiranka.