Tabarmar Kawu a Bakin Gulbi

Jiya a tashar Argungu wani saurayi mai jajayen idanu ya tare ni. "Malam, ina Baba? Ya daɗe bai taho ba."

Kawuna yake nufi, wanda ya rasu bara. Duk Juma'a yakan kai ƙwaryar fura bakin gulbi, inda matasa masu shaye-shaye suke kwana. Na taɓa raka shi. Wurin sai warin sholisho, amma ya sha fura da ludayinsu, sannan ya lallaɓa ɗaya suka tafi asibiti. Yakan ce, "Wanda kuka sha ludayi ɗaya, shi ka jin maganakka."

Har Ambursa muka aika da labarin rasuwarsa, amma su ba wanda ya tuna da su.

"Tabarmatai na nan," in ji saurayin.

Allah Ya haskaka kabarinka, Kawu. Mu kuma Ya ba mu ƙafar zuwa.