Jaririn Da Bai Yi Kuka Ba

Kakarmu burkutu take dafawa, kuma ni ban taɓa jin kunyar faɗar haka ba. Mutanen coci sun yi mata wa'azi har bakinsu ya gaji. Ta ce musu ranar da suka fara ciyar mata da jikoki, ranar za ta kife tukwanen. Gidanta yana ƙauyen Kona, mu kuma muna unguwar Mayo Gwoi da Mama, amma duk lokacin da za ta ɗora babbar dahuwa sai a tura mu, ni da yayata Rahila, mu je mu taya ta. Adda nake ce wa Rahila, don ta ba ni shekaru masu ɗan yawa.

Aikin namu wuta ce kawai. Tukwanen manya ne, kuma dole wutar ta ci daidai tun daga la'asar har bayan an ci tuwo, kada ta yi yawa, kada ta mutu. To yaro idan ba ka kama kunnensa ba, kana juyawa ya sulale wajen wasa. Da tatsuniya Kaka take ɗaure mu. Za ta zauna a kan turmi kifaffe da doguwar muciyarta, ta tura mana doya cikin toka, hayaƙi na sa mu hawaye, ƙamshin tsimin dawa ya cika tsakar gidan. Sai ta yi gyaran murya ta ce, "Akwai baƙuwa a bakin ƙofa." Mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma!" Shi ke nan ta fara.

Hausar Kaka ta kasuwa ce, da girmanta ta tsince ta. Namiji da mace duk ɗaya ne a bakinta. "Yarinya ya tafi rafi," in ji ta, idan muka ƙyalƙyale ta nuna mu da muciya ta ce, "Ku yi dariya, Hausa ba uwata ba ne." Inda Hausar ta ƙare mata sai ta zarce da yaren Kona, ba ta ko tsayawa.

A cikin tatsuniyoyinta akwai wadda muke roƙo kullum, ta wata yaya da ƙanwarta. Wai babbar ta shiga jirgin masunta a garin Lau, ta haye ruwa, ta yi ta tafiya har ta isa wani gari mai arziki inda ba wanda yake da ɗan'uwa. Kowa a ɗakinsa yake cin abinci, ƙofa a rufe. Suka tambaye ta wa ya haife ta. Ta duba tufafinsu, ta duba nata, ta ce ai ita daga cikin duma ta fito, ba ta da kowa. Suka ji daɗi, suka ba ta miji da gida.

Ana nan sai ta haihu. A garin nan kuwa ba mai taɓa bayan wani, balle ya yi masa wanka. Jikinta ya yi tsami, jariri na ta kuka. Sai ta aika masunta su ɗauko mata ƙanwarta. Ƙanwar ta taho da murna, amma tun a bakin ruwa yayar ta tare ta, ta ce, "Idan an tambaye ki, ki ce da akuya na saye ki." Yarinya ta bi ta gida. Ta dafa ruwa, ta wanke yayarta, ta wanke jariri, ta goya shi. Ranar suna aka ƙwace yaron daga bayanta aka miƙa wa manyan matan gari. Nan fa ya tsandara kuka. Wannan ta jijjiga, waccan ta jijjiga, ina! Can sai jaririn ya buɗe baki. A nan Kaka take sirantar da murya, ta toshe hanci ɗaya: "Ku mayar da ni bayan ƙanwar uwata!" Gari ya ɗauki salati. Yayar ta faɗi ƙasa tana birgima tana neman gafara, mutanen gari kuma suka buɗe ƙofofinsu, daga ranar suka fara cin abinci tare. Kaka ta buga muciya a bakin tukunya ta ce, "Baƙuwa ta naɗe tabarma, ku tashi ku duba min wuta."

Duk ranar da aka zo wurin akuyar nan, Adda Rahila sai ta miƙe tsaye don fushi. "Tir! Wannan ai ba mutum ba ce. Ni ko gidan sarkin duniya aka kai ni, sai na ce ga Saratu, ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya." Ta jawo ni ta rungume har in ji ƙashina na ƙara. Kaka ta ce, "Zauna ke dai ki tura min itace. Ko rafin bayan gida ba ki haye ba tukuna." Ni kuwa ina jin daɗi a jikin yayata, ina cin tsakiyar doyar da ta ɓare min.

Muka girma. Adda ta yi karatun jinya, ta auri Ishaku, suka tafi Ingila. Ni na koyi ɗinki, na buɗe ɗan shagona a Mayo Gwoi. Kaka ta rasu, bayan wasu shekaru Mama ta bi ta. A can Adda ta haifi 'yarta ta fari, Jesika, ba wani namu a kusa. Da ta samu ciki na biyu sai ta kira ni tana kuka. "Saratu, ba ni da kowa sai ke. Na farkon na sha wuya ni kaɗai. Ki zo ki tsaya min a madadin Mama, gidana gidanki ne." Ban yi shawara da kowa ba. Na sayar da keken ɗinkina, na ba yarana na shago almakasai da zare, na tafi.

Kai, na sha mamaki a gidan nan. Shiru kamar ana makoki. Maƙwabci ba ya leƙo ka, kai ma ba ka leƙa shi. Kowa ya ji yunwa ya buɗe firij, ya ɗumama nasa, ya ci a tsaye. Jesika, yarinyar da ko famfarar haƙori ba ta yi ba, ta dube ni ta kira ni Saratu, gatsal. Na jira uwarta ta kwaɓe ta, sai Adda ta ce a nan haka ake yi. Ta ce kada in riƙa yi wa yarinyar Hausa, zan rikita ta a makaranta. Ta ce idan sun yi baƙi in ɗan zauna a ɗakina, don ban saba da hirarsu ba. Ranar Lahadi kuma in tsaya gida in dafa abin da za su tarar, Allah na ko'ina. Duk na ce to. Na ɗauka ƙasar ce haka, ni ce baƙauya, da sannu zan koya.

Da ta haifi namiji, aka sa masa Natan, sai na ji na samu abin da ya kawo ni. Na dafa ruwa na gasa mata jiki da tawul safe da yamma, yadda na ga Mama tana yi wa matan unguwa. Na dama mata kunun kanwa, na yi mata farfesu mai yaji har tana gumi tana cewa, "Wayyo Saratu, kamar a gida." Ni na gasa cibiyar yaron har ta faɗi. Da zanen Mama nake goya shi, kuma ya saba, ya zama ba ya barci sai a bayana. Ubansa ya ɗauke shi, kuka. Ma'aikaciyar da ke zuwa duba shi ta taɓa shi, kuka.

A gidanmu akwai abin da ba a wasa da shi. Ranar da za a kai jariri coci a miƙa shi ga Allah, matar da ta wanke shi ita ce za ta goya shi tun daga gida, ita za ta shiga gaba da shi tana rawa, ita za ta kwance shi ta ba fasto. Da haka jama'a suke sanin wace ce ke tsaye a bayan mai jego. Kaka ce ta kai mu, ni da Adda, da warin burkutunta da komai, ba wanda ya isa ya hana ta. Don haka ban ma tambaya ba. Ranar na yi wanka, na ɗaura ɗankwalina, na goya Natan.

Cocin nasu yawanci 'yan Najeriya ne, likitoci da manyan ma'aikata. A bakin ƙofa wata mata ta tare mu, matar wani likita, ta sha leshi iri ɗaya da na Adda. Ta miƙo hannu tana cewa a ba ta ɗanta. Adda ta taɓa ni ta ce, "Sauke shi." Na ce, "Adda, ai ni zan shiga da shi." Ta ce a hankali, haƙora a cije, "Na ce sauke shi." Matar ta dube ni tun daga ɗankwali har takalmi, ta tambaya da Turanci wace ce wannan. Turancina ba shi da yawa a lokacin, amma wannan na ji shi tsaf. Adda Rahila ta yi murmushi ta ce, "Wata yarinya ce muka kawo daga ƙauye, tana taimaka mana da yara."

Ban san lokacin da hannuna ya kwance goyon ba. Na samu kujerar baya na zauna da zanen Mama a cinyata. Kuma ku ji wautata. Ni, mace mai shekara talatin da wani abu, na zauna ina jiran yaron nan ya yi kuka. Allah ya sani, jira nake. Na ce yanzu zai ji ba bayana ba ne, zai tayar musu da coci, su jijjiga su gaji, dole a waiwayo a neme ni. Aka yi waƙa, aka yi rawa, matar likita ta juya da shi, fasto ya ɗaga shi sama. Natan ko motsi bai yi ba. Barcinsa ya sha har aka tashi.

Da baƙi suka watse ina wanke kwanuka, ta shigo kicin. Na ce, "Adda, ni ce wata yarinya?" Ta ce, "Saratu, don Allah kada ki ɗaga min hankali, na gaji. Ba ki san mutanen nan ba. Tun zuwana na ce musu a Abuja na tashi, babana babban ma'aikaci ne, ni kaɗai ya haifa. Yanzu so kike in ce musu me? Jikar mai burkutu?" Na ce, "To ba ita ba ce ke?" Ta ce, "Ki ba ni lokaci, zan gyara." Ishaku yana falo yana jin mu, ya ƙara muryar talabijin.

Natan yanzu ya shiga makaranta, ba ta gyara ba. Na samu aiki a gidan kula da tsofaffi, na kama ɗakina, na koyi hawa bas da cin abinci ni kaɗai. Sanyin ma na saba. Ranar Asabar nake zuwa gidansu, don na kasa yanke yaran daga raina. Kada ku ce me ya hana ni faɗa wa mutanen cocin gaskiya da kaina. Ba labari nake so su ji ba. So nake ya fito daga bakin da ya ƙaryata ni.

Na daɗe ina jin haushin Kaka, har cikin kabarinta. Na ce tsohuwar nan ta yaudare mu. Ta sa na girma ina zaton idan aka zalunce ka a gaban jama'a, wani abu zai buɗe baki ya tsaya maka. Daga baya na tuna ita ma daga Lau aka kawo ta Kona tana yarinya, wajen wata 'yar'uwarta, kuma ban taɓa jin ta ambaci sunan matar ba ko sau ɗaya. Ina jin ta san sarai jarirai ba sa magana. Ƙarshen da ita ba ta samu ba ne take ba mu, don mu kwanta da daɗi. Ban sani ba ko alheri ta yi mana. Ni dai na san Adda ta ji tatsuniyar nan fiye da ni, ta fi ni fushi a kanta, kuma bai hana ta komai ba.

Asabar ɗin da ta wuce ina yi wa Jesika kitso a kicin, tana zaune a ƙasa tsakanin ƙafafuna, uwarta na bakin famfo tana wanke shinkafa, ta ba mu baya. Yarinyar tana ta ba ni labarin yadda Natan yake damun ta, wai da ma mace aka haifa mata. Sai ta ɗago kai ta ce, "Saratu, ke kina da 'yar'uwa a can ƙasarku?"

Na tsayar da hannuna. Na zuba wa bayan yayata ido. Ta kashe famfon. Na ga kafaɗunta sun ɗaga, na ce a raina yau ce.

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Jesika, ki daina damun ta da surutu, ki bar ta ta gama aikinta."

Na tsaga gashin, na ci gaba da kitso.