Gyadar Iri da Kuskuren Malam

Shekarar da aka ɗora ni a kan masu rubuta manhaja a kamfaninmu, na sha karatun shugabanci har na fara ba kaina tausayi. Duk littafin da na buɗe magana ɗaya ce: ka keɓe da ma'aikaci, ka dube shi cikin ido, ka tambaye shi damuwarsa. Na gwada. Sai mutum ya ɗosana a bakin kujera, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ba komai, yallaɓai." Ni ma in Baba ya tsare ni da ido amsar da zan ba shi ke nan, amma a lokacin ban haɗa biyun ba.

Manhajar da muke yi ta manoman rani ce na wajen Watari. Manomi zai shigar da gonarsa a waya, a riƙa sanar da shi ranar da ruwa zai zo layinsa. Matsalarta ɗaya, amma babba: da zarar sabis ya ɗauke, abin da mutum ya shigar sai ya ɓace. Gyaran yana hannun wani injiniya ɗan wajen Tsanyawa, sabon ango, kuma aikin ya ƙi gaba ya ƙi baya. Alhaji mai kamfanin ya kira ni ya ce in wata ya ƙare ba a gyara ba, in sallame shi.

Abin ya ɗaure mini kai. Duk wani rubutu nasa da na duba tsaf yake, ko waƙafi ba ya yarwa a banza. Me zai sa mai irin wannan hannu ya maƙale a wuri ɗaya? Kasala ce? Amarci ne? Na yi ta juya abin ban samu bakin zaren ba.

Sai na ce ya raka ni ƙauyenmu, can gaba da Ɗanbatta, mu gwada manhajar a inda sabis ke zuwa ya tafi yadda ya ga dama. Bazara ce, an gama sharar gona ana jiran ruwa. Muka tarar da Baba a gindin darbejiya yana ɓarar gyadar iri. Baba bai san wani manaja ba; hannun da ya gani a zaune, aiki zai ba shi. Ya turo mana faranti ya shige gida.

Muka zauna kafaɗa da kafaɗa, kowa idonsa a kan gyada. Ban tambaye shi komai ba, don ni ma hankalina yana kan kada in fasa ƙwayar, Baba ya yi mini tsiya. Muka taɓa hirar taki, muka taɓa ta jigawar garinsu. Can sai na ji ya ce, a hankali, "Yallaɓai, ai ɓarakar ba a sashena take ba. A ƙasa take, wurin da ake ajiye bayani kafin a tura."

Na san wanda ya rubuta wannan sashe. Babban injiniyanmu ne, wanda kowa ke kira Malam. Shi ya koya wa wannan matashi kwamfuta tun bai san inda ake kunna ta ba, shi ya kawo shi kamfanin, shi ya karɓa masa aure. Ashe tuntuni ya gano kuskuren, yake ta faci a gefe don a rufe ba tare da an taɓa rubutun Malam ba, facin kuma ya ƙi riƙewa.

Na ce, "Ka san aikinka ake magana kuwa? Kai da ka ajiye 'yar mutane a ɗaki?"

Ya ce, "Na sani. In ta kai a ce kuskuren Malam ne a gaban jama'a, gara a sallame ni."

Gaskiya na ji haushi, na kuma ji ya burge ni. Abu mai sauƙi ne in tashi a taron safe in fasa ƙwai, amma da na yi, da ya tsira da aikinsa ya rasa malaminsa, kuma ba wanda zai sake gaya mini komai a ofishin nan. Abin da na yi ta tunani a mota shi ne, me ya buɗe bakinsa yau da kujerar ofis ta kasa? Ba a kallonsa, hannunsa yana aiki, kuma muna fuskantar abu ɗaya.

Da muka koma na roƙi Malam alfarma. Na ce aikin ya yi wa ɗalibinsa nauyi, ya taimaka su zauna gaban kwamfuta ɗaya su bi rubutun tun daga tushe. Na ja kujera can baya ina latsa waya, kunnena yana wurinsu.

Malam yana karantawa da ƙarfi, yadda ya saba, yana jan layi da yatsa a kan gilashin kwamfutar. Da ya iso sashensa sai muryarsa ta ragu. Ya koma sama, ya sake saukowa, ya cire tabarau. Sannan ya buɗe facin da aka yi ta yi a gefe, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Bai juyo ba ya ce, "Tun yaushe ka gani?"

"An ɗan jima, Malam."

"Kuma ka san abin da Alhaji ya ce a kanka?"

Matashin ya gyaɗa kai. Malam ya daɗe yana kallon gilashin. Daga nan ya miƙe, ya juya masa kujerar tasa, ya ce, "Zauna ka gyara yadda ka ga ya dace. Bari in je in ga Alhaji."