Ganyen Shayin da Aka Zuba a Kogi

Ranar Alhamis ce, ranar kasuwar garinmu. Ba zan faɗi sunan garin ba, don har yau akwai mutane a cikinsa. Na idar da sallar asuba, na hura wuta, na ɗora tukunya, na jera burodi a kan tebur. Sana'ata ke nan a lokacin, sayar da shayi a bakin tasha. Ƙarfe bakwai ƙanena Nura ya iso, ya zauna inda ya saba, ya sha kofi biyu. Malamin tarihi ne a sakandaren garin. Bai taɓa biyana ba, kuma ya fi kowa ƙorafin sukari.

A lokacin mutanen daji sun ɗora mana haraji. Kafin a yanke gero sai sun bugo wa mai gari waya sun faɗi abin da suke so: buhunan hatsi, jarkokin fetur, sukari da ganyen shayi. A tara a zaurensa, su aiko a ɗauka. Inna da matata da yara tun farkon damina na tura su birni. Mu maza muka zauna muna noma wa wasu, muna haɗiye baƙin ciki.

Tun kafin wannan Alhamis ɗin, a teburina Nura ya ba da wani labari. Ya ce mutanen Amurka, sa'ad da suke ƙarƙashin Sarkin Ingila, an sa musu haraji a kan ganyen shayi ba tare da an ji ta bakinsu ba. Suka hau jiragen da suka kawo ganyen, suka zubar da shi a teku. Aka yi yaƙi, suka ci, suka zama ƙasar kansu. Na ce ni dai asarar ganye na gani, aka yi dariya. Amma labarin bai tsaya a teburina ba. Kafin Juma'a ya zagaye gari, kuma kowane baki ya wuce sai ya rage masa tsawo. A majalisar samari har ya koma wai washegari Turawa suka tattara nasu ya nasu. Nura ya bi su yana cewa ba haka aka yi ba, yaƙin ya daɗe, an mutu. Wa zai saurare shi? An riga an ji abin da ake son ji.

Laraba bayan la'asar samari suka shiga zauren mai gari. Hatsi dai babu ɗan halak ɗin da zai zubar, sai aka mayar wa kowa nasa rumbu. Fetur suka tsiyaye a ƙasa. Kwalayen ganyen shayi kuwa suka ɗauka a ka har bakin kogi, suka jefa suna kabbara. Daga nan aka buga waya birni. Aka ce mu kwantar da hankalinmu, za a turo mana masu tsaro.

Ƙarfe goma na safiyar Alhamis kasuwa ta cika. Na fara jin wani gunji daga arewa, na ɗauka injin niƙa ne. Sai jakuna suka hau kuka gaba ɗaya. Gunjin ya rabu ya zama babura. Harbin farko daga wajen turakun shanu ya fito, guda ɗaya, sannan sauran suka biyo ba tsayawa.

"Sun shigo! Ku gudu!"

Wani ya bangaje teburina, tukunya ta kife, wuta ta mutu da ƙara. Ban nufi gida ba, ba kowa a can. Makaranta na nufa. Harsashi yana sauka a kan kwanon azuzuwa kamar ƙanƙara. Na tarar da Nura yana fitar da ɗalibai ta tagar baya.

"Ku bi gona! Kada ku bi titi!"

Sai da ajin ya zama wayam ya fito. A bakin shinge harsashi ya same shi, a cinya. Bai yi ihu ba, zama kawai ya yi. Na ɗaure wurin da tsumman goge tebur da ke kafaɗata. Akwai baron magina a jikin wani aji da ba a gama ba. Na zubar da yashin, na ɗora shi, muka faɗa cikin dawa.

Dawar ta fi mutum tsawo, ita ta rufe mu. Amma ƙafar baron tana kuka, ƙii, ƙii, ana jinta daga nesa. Na tsaya na laluba aljihu, na sami ledar bota ta burodi, na shafe ƙarfen da ita. Ta yi shiru. Babura biyu suka wuce ta gefen gonar. Na ji suna hira, ɗaya har yana dariya.

Azahar ta yi, ba a kira salla ba. Tun da aka haife ni ban taɓa jin garinmu ya yi shiru a wannan lokaci ba. Hayaƙi ya tashi a bayanmu, mai ƙaurin hatsi. Rumbunan da aka mayar wa gero jiya su ake ƙonawa. Na kira lambar birni. Aka ɗauka, aka ce suna hanya. Na sake kira, suna hanya. Daga baya ta daina shiga.

Da la'asar muka isa kogi. Kwalayen jiya suna nan maƙale a ciyawar bakin ruwa, sun jiƙe sun kumbura, ko tafiya ba su yi ba. Mai kwalekwale ya riga ya haye da mata da yara, ya ɗaure a wancan gefen.

"Dawo! Akwai mai rauni!"

Ya ɗaga hannu, bai dawo ba. Yanzu ba na ganin laifinsa, amma a ranar na zage shi har muryata ta dushe. Na bar baron, na goya Nura, na shiga ta mashigin shanu. Ruwa ya kai mini ƙirji. Ina jin numfashinsa a wuyana, da zafi, sannan ya fara nisa da juna.

A ƙetare na kwantar da shi a gindin wata ɗorawa, a gefen gonar wani bawan Allah da ban sani ba. Tsumman ya ɓace a ruwa. Ya buɗe ido ya ce, "Yaya, na faɗa musu yaƙin ya daɗe." Na ce na sani. Kafin magariba ya cika. Mai gonar da maƙwabtansa biyu suka kawo fartanya. Ba wanda ya yarda a ɗauki gawa zuwa maƙabarta a wannan yamma, don ana jin babura har lokacin. A nan muka sallace shi, muka binne.

Motocin masu tsaron da ke hanya ranar Asabar suka iso. Aka ɗauki hotuna, aka koma.

Ban sake kafa tebur ba. Wani ɗan kasuwa da ya san mahaifinmu ya nema mini biza. Yanzu ɗaurin kaya nake yi a Murshid Bazaar, wata kasuwa a Dubai, ina liƙe kwalayen da za a loda a kwantena. Ina kwana a Bur Dubai, kullum sai na haye ruwa a ɗan jirgin katakon nan da suke kira abra. A cikinsa wata safiya na ba Isufu labarin, wani mutumin Damagaram da muke aiki tare. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, yana haɗawa da guntun Larabcin da ya tsinta a nan, "Habibi, ai mu a lakwal, makarantar boko, an koya mana wannan. Faransa ce ta kai wa mutanen Amurka jirage da soja da albarushi. Wajen shekara takwas ana yi kafin khalas, aka gama."

Muka sauka, muka kama aiki. Ranar sai da mai kaya ya yi mini magana, don ina jan igiya kamar zan tsinke kwali. Ba Isufu nake jin haushi ba, ba kuma Nura ba. Mutanen Amurka sun zubar da ganye, wata ƙasa guda ta taso da jiragenta. Mu mun zubar da namu, da bindigogin toka na mafarauta da lambar waya ɗaya. Har yau idan na tuna kabbarar nan ta bakin kogi sai abinci ya fita raina.

Mu biyar Inna ta haifa, Nura ne auta. Ba ta taɓa ganin kabarinsa ba, hanyar ba ta biyuwa. Na karɓi lambar mai gonar, nakan kira shi idan damina ta faɗi. Shekarar farko ya ce ya kewaye wurin da ƙaya, bai shuka ba. Bana ɗansa ne ya ɗauki wayar. Ya ce tsohon ya rasu, an raba gonar, ɓangaren ɗorawa ya faɗa wa wani da ke zaune a wani gari. Na tambaye shi ƙayar. Ya ce bai ga wata ƙaya ba, gyaɗa ce a wurin.