Farar Albasar Ranar Suna

Gara in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni: wawan labarin nan ni ne. Ba a cuce ni ba, ba a sayar mini da ruɓaɓɓen kaya ba. Da hankalina, da furfurata, da ajina huɗu na firamare da nake taƙama da shi a majalisa, na yi abin da na yi.

Autarmu tana aure a Shagari. Wata rana da bazara na je duba ta, don an ce mana tana da juna biyu, na fari. Uban mijinta tsohon malamin makaranta ne, mutum mai son a san ya ga duniya. Aka kawo mana gasasshen nama, an yanka albasa fara sol an barbaɗa a kai. Na ci na ji babu yajin nan mai hawa hanci, ga ɗan zaƙi-zaƙi, ga garas-garas a baki. Na ce kai, wannan da daɗi take. Ya ce, "To, Malam, ai ba kowa ya san ta ba. Ku can Bodinga ja kunka sani."

Na ajiye naman. A gaban mutum biyar na bugi ƙirji na ce, in Allah ya sauki yarinyar lafiya, ranar suna duk albasar da za ta shiga tukunya da wadda za a yanka kan nama fara ce, kuma daga gidana za ta fito. Ya yi murmushi ya ce, "Allah shi kai mu." Sai a mota na ƙirga da yatsu, na ga haihuwar sai damina ta yi nisa, lokacin da ko ja ma sai an nema.

Washegari na nufi Danchadi wurin taubashina, manomin fadama, wanda tun muna yara bai taɓa faɗa mini kalma ɗaya ta mutunci ba. Na tarar da shi a bakin gona, an cire albasa an tsiba.

"Kai da ko barkono ba ka taɓa shanyawa ba, mi za ka yi da hwara?"

Na ce masa sirrin manya ne, shi dai ya auna mini buhu biyu.

"To ji nan, ɗan boko. Hwara ba ta da jimiri awa ja. Ruwa gare ta, rigarta ba kauri. In ka kai gida ka baza ta inuwa wuyanta shi bushe, ka sa ta rudu, ka manta da ita."

Na ce mantuwa aikin waɗanda ba su shiga aji ba ne. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a gaida masa maiɗakina da haƙuri.

Ita maiɗakin nawa, da muka haura shekara arba'in tare, ta dubi buhunan ta dube ni, ta ce abin da taubashina ya ce, kamar sun haɗa baki. Na yi mata bayani cikin natsuwa cewa wannan alkawarin maza ne, kada mace ta sa hannu. Ta ce, "To, Malam." Duk wanda ya daɗe da aure ya san irin wannan "to" ɗin.

Na yi rudu a bayan gida, ɗan gado na itace da kara wanda bai taɓa ƙasa ba, na rufa masa ciyawa don iska ta riƙa ratsawa. Har nan ban yi laifi ba. Laifin ya fara ne kwana na uku, da na kasa zama. Ina majalisa ana hira, sai zuciya ta ce, yanzu haka ɗaya ta fara ruɓewa a tsakiya tana shafa wa 'yan'uwanta. Sai in miƙe ba sallama. In kwashe su duka, in danna kowace da babban yatsa in ji ko ta yi laushi, in shinshina, in mayar. Bayan la'asar in sake, don wataƙila da safe ban danna da kyau ba.

Sannan na lura bawon waje ya yi ƙasa-ƙasa, ya koma ruwan toka. Na ce ina amfanin farar albasar da ba fara ba, a kai gaban malamin makaranta? Na shimfiɗa tabarma, na yini ina saɓule musu busasshiyar rigar ɗaya bayan ɗaya, har suka riƙa ƙyalli kamar ƙwai. Maiɗakina ta wuce da tulu, ta tsaya, ta ce, "Tsirara kaka barin su?" Na ce tsafta ce, an koya mana a aji uku.

Daga nan sai ƙaura. Na ga rana tana leƙa rudun da hantsi, na mayar da su zaure. A zaure akuya ta yi mini ɓarna, na mayar da su rudu. Ranar da hadarin farko ya haɗo daga gabas kuwa hankalina ya tashi gaba ɗaya, na ɗure su a buhu, na kai ɗakin kwano, na rufe ƙofa da taga ruf don kada danshi ya shiga. Ruwan bai ma sauka ba. Bayan kwana huɗu na buɗe ɗakin, warin da ya tarbe ni sai da na ja da baya na yi salati.

Tun daga ranar, kullum sai na fitar da masu laushi na kai madafa. Maiɗakina kuma sai ta yanke ɓangaren da ya lalace ta dafa saura. Muka ci albasa a miyar kuka, muka ci a miyar sure, a kwaɗon zogale, a kan wake da shinkafa. Ta ce fara ba ta son wuta da yawa, nan da nan take narkewa a mai, kuma sai an zuba ninkin ja kafin miya ta yi ƙamshi. Ni ko ɗanɗanon ba na ji. Kowace loma na kai baki, fuskar surukina nake gani da murmushin nan nasa.

Da aka bugo waya cewa autar ta sauka lafiya, an samu ɗiya mace, na yi hamdala, sannan na ruga ɗakin albasa. Masu rai bakwai suka rage. Na bi kasuwar Bodinga rumfa-rumfa, na aika Dandin Mahe, na aika Horo Birni. Ko ina amsar ɗaya: fara a wannan lokaci?

Ana gobe suna, da hantsi, taubashina ya iso don mu tafi Shagari tare. Ya ga albasa bakwai a cikin kwano a gabana, ya tsuguna ya yi musu gaisuwar ta'aziyya. Ni kuwa na riga na shirya jawabin da zan yi wa surukina, sai na ce bari in gwada shi a kansu. Na gyara murya na ce bincike na wata uku ya tabbatar mini farar albasa iri ce mai rauni tun asali, ba ta jure iskar ƙasarmu, kuma babu ɗan Adam da zai iya kai ta damina.

Ina cikin wannan sai maiɗakina ta fito daga madafa da babban kwando, ta dire a gabana. Farar albasa ce cike, da bawonta mai ƙasa-ƙasa, wuya a bushe, kowace da ƙarfinta kamar dutse. Ashe tun ranar da na kawo buhunan ta ɗiba ta rataye a ragaya, can gefen da iska ke shiga. Za ta ishi naman suna har da tukunyar manyan baƙi.

Na kai hannu zan ɗauki ɗaya in danna, ina cewa to wannan lalle wani iri ne daban. Ta janye kwandon da ƙafa.

"Gona guda, buhu guda, rana guda, Malam. Wagga dai ba ka san inda take ba."