Tocilar Azariya Tela

Shekara ashirin da shida Azariya yana ɗinki a wani ɗan shago kusa da tashar jirgin ƙasa a Kafanchan. Rabin kayan Zumuntar Mata na cocin unguwarsu daga kekensa suka fito. Bara ne allura ta fara yi masa gardama: ya lashi zare, ya kai, zaren ya bi ta gefe. Azariya kuwa ko a mafarki ba zai ce idonsa ba ne, don tela in ido ya tafi, sana'a ta tafi. Sai ya ce shagon ne ya yi duhu.

Daga nan ciwon tocila ya kama shi. Ya sayi ta ɗaurawa a goshi, ya sayi mai caji, ya sayi wata siririya kamar biro. Kowacce ba ta kwana uku sai ya kwance ta da sukudireba, yana tsaki, wai masu yin ta ba su san aiki ba. Zama ya gagare shi. Yadin mutane na jibge, shi yana can wajen masu gwangwan, 'yan sayar da tsofaffin ƙarafa, yana tonon batirin tsohuwar kwamfuta. Ya rantse sai ya haɗa tasa.

Matarsa Milka tana lura da shi. Kullum da safe takan zura zare a allurai biyar, ta soke su a gefen keke. Shi ma bai taɓa tambayar wanda ya sa ba.

Wata huɗu ya yi yana fama da guntun bututun ruwa da ƙwan fitilar babur, har dalma ta ƙone masa yatsu. Ranar da ya gama, da tsakar rana, ya kira Milka, ya rufe ƙofar shago, ya danna makunnin tocilar.

Milka ta kare fuska da gyale. “Baban Ƙauna, kashe wannan abu! Za ka makantar da mutum!”

Daɗi ya kama shi. Ya ɗauki allura, ya haska ta, ya matso da ita har bakin hanci. Haske ya cika shagon, amma kafar allurar ba ta nan, sai hazo fari. Ya gwada sau uku. Tsoron da ya shekara yana gudu ya same shi a zaune.

Ya kashe tocilar, ya ajiye ta a hankali.

“Maman Ƙauna,” in ji shi, “zo ki sa mini zaren nan. Wace rana ma kika ce likitan ido yake zuwa?”