Ƙasar Gindin Doka

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka turo ni gandun renon itatuwa kusa da Makarfi. Aikina in reni doka daga iri, a mayar da ita dajin da aka sare. Damina biyu ina shukawa, tsiron na kai taƙi guda sai ya koma ruwan ɗorawa, ya mutu. Daga ofis aka ce damina ɗaya ta rage mini, in tsiron bai rayu ba a rufe gandun.

A makaranta an koya mana gasa ƙasar reno don kashe cuta. Ni kuwa lokacin na fi yarda da littafi a kan idona. Rabin ganga muke ɗorawa a wuta, mu soya ƙasa kamar gyaɗa.

Mai yi mana ban ruwa wani dattijo ne daga Gubuchi. Wata safiya na tarar da shi yana barbaɗa baƙar ƙasa daga buhu a layin ƙarshe.

"Baba, mene ne wannan?"

"Ƙasar gindin uwarsu ce, Malam. Mu ba ma dasa itace sai da ita. Tun farkon damina nake zuba musu."

Na tuge tsiro ɗaya, sai ga farin zare ya nannaɗe saiwar. Fumfuna! Raina ya ɓaci, na ce ya kawo mini cuta, na kore shi a gaban leburori. Ya ɗauraye garwar ban ruwa, ya kife ta, ya tafi.

Ban ƙone layin ba, don ina so in rubuta yadda cutar ke kisa. Kafin kaka duk sauran sun mutu, shi kaɗai ya rage kore shar. Na kai saiwar Zariya, na duba a madubin ƙara girma. Ashe fumfunar nan ce ke jawo wa tsiron ruwa da abinci daga ƙasa, shi kuma yana ciyar da ita. Ita ce ke fito da naman kaza a gindin doka. Damina uku ina gasa ta da hannuna.

Ba a rufe gandun ba. Na hau keke har Gubuchi. Bayan mun gaisa na roƙi gafara, na ce ya dawo.

"Na yafe, Malam," in ji shi. "Amma inda aka kore ni a gaban sa'o'in 'ya'yana, ba na komawa."

Duk da haka sai da ya raka ni daji, ya nuna mini dokar da yake ɗibar ƙasarta.

A kan wannan farin zaren na ƙare aikina, kuma takardun binciken da aka buga duk sunana ne a sama. Abin da ke ba ni kunya har yau, in aka tambaye ni yadda na gano shi, cewa nake yi a madubi na gani.